Huda rijiyar mai a teku: Sa'ar da ake kashe rediyo da abin da ya shafi 'yan kasuwar Zongo

Daga wakilinmu a Zongo, Kwatano

Duk wanda ya saba zama a bakin shagunan da ke kewaye da babban masallacin Zongo bayan sallar La'asar ya san cewa hirar 'yan kasuwa ba ta cika wuce abu uku ba: canjin naira da sefa, halin da iyaka ke ciki, da kuma kayan da suka maƙale a tashar jiragen ruwa. To amma tun daga watan Agustan 2025, lokacin da aka sake kafa na'urar haƙa a tsohon filin man Seme da ke cikin teku, sai hira ta huɗu ta shigo, wato ta ɗanyen mai. Wasu na murna cewa arziki ya dawo, wasu kuma da an ambaci mai da Seme a wuri guda sai su tuna gobarar 23 ga Satumba 2023, wadda ta tashi a wani rumbun ajiyar man kpayo a Seme-Krake ta kashe aƙalla mutum 35.

A irin wannan zama ne wani dattijo mai fataucin bandar kifi zuwa arewa ya tare ni da tambayar da ta fi ƙarfina. Ya ce ya ji a shirinmu na rediyo cewa idan aka haƙa rijiyar mai akan zura mata bututun ƙarfe, a ɗure bayansa da siminti har ƙasa. To idan haka ne, ta ina man zai shiga? Ban iya ba shi amsa a ranar ba, na dai ce: Baba, a yi mini afuwa sai na bincika.

Amsar ita ce da nakiya ake buɗe wa man ƙofa. Ana zura nakiya cikin rijiyar da ke zaune a kan mai da iskar gas, a tashe ta da gangan. Kuma abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ma'aikacin rediyo shi ne, a tsarin da aka daɗe ana bi, kafin a haɗa wannan nakiya sai an kashe duk wata oba-oba da wayar hannu da ke kan dandamalin. Wannan aiki shi ake kira huda rijiya, kuma lafiyar tekun da muke ci da shi tana rataye a kan yadda aka yi shi da kuma yadda aka shirya masa.

Tarihin man Seme a taƙaice

Idan mai karatu bai manta ba, Jamhuriyar Benin ta taɓa zama ƙasa mai fitar da ɗanyen mai. Kamfanin Union Oil na Amurka ne ya gano filin Seme a ƙarshen shekarun 1960, a cikin teku daura da iyakar Najeriya. A zamanin Mathieu Kerekou ne kamfanin Saga Petroleum na ƙasar Norway ya kafa dandamali aka fara fitar da mai a 1982. Filin ya yi ta sauya hannu, har aka rufe shi a 1998 lokacin da farashin mai ya faɗi warwas a duniya, rijiyoyin kuma suka koma ba da ruwa mai yawa. A tsawon waɗannan shekaru an kwashi kimanin ganga miliyan 22. Tsofaffin dandamalin ƙarfen aka bar su tsaye a teku suna tsatsa.

Kamfanin SAPETRO na Janar T.Y. Danjuma ya karɓi yankin a 2004, ya yi yunƙurin farfaɗo da shi amma bai kai ga fitar da mai ba. A watan Disambar 2023 gwamnatin Benin ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Akrake Petroleum, wani reshe na Rex International da ke Singafo, inda kamfanin ya riƙi kashi 76 cikin 100, gwamnati kashi 15, ragowar 9 kuma wani kamfani na cikin gida mai suna Octogone. Wannan yarjejeniya ce ta kai ga haƙar da aka soma a 2025.

Ruwan Seme ba shi da zurfi sosai, kimanin mita 20 zuwa 30 ne. Sai dai ba a yi nisa da gaɓarmu ba ƙasan teku take gangarawa. A can gabas kaɗan, a ɓangaren Najeriya, akwai filin Aje da ke kimanin kilomita 24 daga gaɓar yammacin Legas, a ruwan da zurfinsa ke kaiwa kusan mita 1,000 a wasu wurare, wanda ya fara ba da mai a 2016. Gaba da shi akwai manyan filayen ruwa mai zurfi: Bonga na Shell da ya fara aiki a 2005, Agbami na Chevron a 2008, Akpo a 2009 da Egina a 2018, su biyun na Total. Ta yamma kuma Ghana na da filin Jubilee tun 2010. Ke nan gaɓar Benin, wadda tsawonta bai wuce kimanin kilomita 125 ba, tana tsakiyar rijiyoyi dama da hagu.

Yaya ake huda rijiya?

Mai ba ya kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar ruwan tafki. Yana cikin 'yan ramukan dutsen yashi ne kamar yadda ruwa ke zama cikin soso, kuma nauyin ƙasar da ke kansa ya matse shi ƙwarai. Yayin haƙa, masu aiki kan cika ramin da wata laka mai nauyi wadda ke danne man da gas ɗin don kada su taso. Bayan an kai inda ake so sai a zura bututun ƙarfe, a tura siminti ta cikinsa ya zagayo ta bayansa ya cike tsakaninsa da dutse. Da simintin ya bushe, rijiya ta zama kamar kwalba rufaffiya: babu abin da ke shiga, babu abin da ke fita.

Daga nan sai a kawo bindigar huda. Wani dogon bututu ne na ƙarfe da aka jera wa 'yan ƙoƙunan nakiya a ciki, kowanne yana fuskantar gefe, sau da yawa guda 4 zuwa 12 a duk ƙafa ɗaya ta tsawon bindigar. Kowane ƙoƙo an yi masa baki kamar mazurari aka shimfiɗa masa jan ƙarfe. Igiyar nakiya guda ce ta bi ta bayansu duka, a bakinta kuma akwai makunni. Idan makunnin ya tashi, igiyar ta kama, sai kowane ƙoƙo ya matse jan ƙarfensa ya harba shi kamar tsinke, da gudun da ya kai kimanin kilomita 7 a daƙiƙa guda. Da a ce mota ce ke wannan gudu, da ta tashi daga Zongo ta isa iyakar Seme cikin daƙiƙa biyar. Wannan tsinke shi ke ratsa bututun rijiya da siminti ya shiga dutse, ya bar rami mai faɗin kamar ɗan yatsa, zurfinsa daga taƙi guda zuwa mita ɗaya ko fiye kaɗan. Ta waɗannan ramuka ne mai ke kwararowa.

Sana'ar tana da tarihi. A 1932 kamfanin Lane-Wells ya fara huda rijiya da harsashi na gaske a filin Montebello da ke jihar Kalifoniya, kuma rijiyar ta Union Oil ce, wato kamfanin da daga baya ya gano man Seme. Bayan yaƙin duniya na biyu sai aka ɗauko dabarar makamin fasa tankar yaƙi aka mayar da ita ga rijiyoyin mai a ƙarshen shekarun 1940, ita ce ake amfani da ita har yau.

Ya kamata a sani cewa ba kowace rijiya ake hudawa ba. Akwai waɗanda ake barin ƙarshensu ba siminti, a sa musu bututu mai raga kamar rariya don tace yashi, musamman rijiyoyin da ake haƙa su a kwance cikin dutsen mai. Amma duk inda aka rufe dutsen mai da ƙarfe da siminti, to sai an huda.

Sa'ar da ake kashe rediyo

Haɗarin farko yana sama ne, a kan dandamali, lokacin da mutane ke tsaye kusa da bindigar. Makunnin lantarki na tsohon yayi ɗan siririn zare ne na waya wanda wuta kaɗan ke sa shi ya yi zafi ya tashi. Wayoyin da ke jone da shi kuwa suna iya zama kamar eriya, su kamo ƙarfin da oba-oba ko na'urar sadarwar jirgi ke watsawa. Mu da ke aiki kusa da na'urar watsa shiri mun san cewa abin da ke fita daga eriya ƙarfi ne na gaske, ba murya kawai ba.

Saboda haka ne Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wato API, ta fitar da ƙa'idar da ake kira RP 67 kan amfani da nakiya a rijiyoyin mai. Kafin a haɗa irin wannan makunni akan yi sanarwa a kashe duk na'urar da ke watsa saƙo. Akan dakatar da walda. Akan hana jirgi mai saukar ungulu da jiragen ruwa matsowa. Idan hadari ya taso da walƙiya, ko guguwar ƙura, aiki ya tsaya. Akan auna ko akwai ɓatacciyar wutar lantarki tsakanin bakin rijiya da jikin dandamali, kuma ko da kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin batirin tocila aka samu sai an nemo tushensa an kawar. Mabuɗin na'urar harbawa yana aljihun mutum ɗaya, shi ne wanda zai haɗa nakiyar da hannunsa, don kada wani ya kunna a bayan idonsa.

Hatta jerin haɗawar yana da doka. Ana sa makunnin cikin wani bututu mai kauri, a fara jona masa wayar lantarki yana ciki, ta yadda ko ya tashi shi kaɗai zai tashi. Sai an ga lafiya sannan a fito da shi a ɗaura shi a igiyar nakiya. Ba a sake kunna rediyo sai bindigar ta nutse kimanin mita 60 a ƙarƙashin ƙasan teku. Idan za a fito da ita ma haka ake yi, domin doka ita ce a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai rai har sai ido ya tabbatar ta tashi. Bindigar da aka harba ta ƙi tashi ita ce mafi sharri, domin ta sha zafi a ƙasa kuma ba a san abin da ya hana ta ba.

A yau an ƙera makunnai na zamani waɗanda sai da wuta mai ƙarfin gaske ko da wani saƙo na musamman suke tashi, kuma da su ana iya aiki rediyo na kunne. Haka kuma a ruwa mai zurfi an fi zura bindigar a bakin bututu maimakon igiyar lantarki, a tashe ta ta hanyar ƙara matsin ruwan da ke cikin bututun. Waɗannan dabaru sun rage haɗarin rediyo, sai dai kowace ta zo da nata sharuɗɗan: bindigar da matsi ke tayarwa, dole a kiyaye kada gwajin matsi na wani aiki dabam ya tashe ta kafin lokaci.

Abin da zurfin ruwa ke ƙarawa

A filin Agadem na Nijar, idan rijiya ta yi gardama, ma'aikaci na iya takawa da ƙafa ya duba bakinta. A Seme ma bakin rijiya na iya zama a kan dandamali inda hannu ke kaiwa. A Bonga ko Egina kuwa bakin rijiyar yana ƙasan teku, a zurfin da ya haura mita 1,000, inda duhu ne ƙirin, sanyin ruwa kimanin digiri 4, matsinsa kuma ya ninka iskar tayar ƙaramar mota sau 40 zuwa 50. Babu mai ninƙaya da ke isa can, sai na'ura mai hannu da kyamara da ake sarrafawa daga sama. Jirgin haƙar kansa yana lilo a kan igiyar ruwa, wani ƙaton bututu ne kawai ya haɗa shi da bakin rijiyar.

Na farko cikin matsalolin shi ne zafi. Duk kilomita guda da aka nutsa cikin ƙasa zafi na ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30. Nakiya kuwa tana da iyakar zafin da take jurewa da kuma iyakar lokaci. Nau'in RDX yana jure kimanin digiri 160 na awa guda, HMX kimanin 200, HNS kimanin 260, kuma yayin da awoyi ke ƙaruwa jimirin na raguwa. A ruwa mai zurfi, zura bindiga a bakin bututu har ƙasa na iya cin kwana guda ko fiye. Idan wani abu ya lalace a sama aka yi jinkiri, nakiyar na can tana dahuwa, ko dai ta rasa ƙarfi ko ta tashi da kanta a inda ba a so.

Na biyu shi ne daidaita wuri. Dutsen mai na iya zama 'yan mitoci kaɗan, ƙarƙashinsa ruwan gishiri, samansa gas. Kuskuren 'yan mitoci a rijiyar da tsawonta ya kai kilomita huɗu ya isa a huda ruwa maimakon mai. Don haka akan zura na'urar da ke karanta jikin duwatsu da mahaɗar bututu a tabbatar da wurin kafin a harba.

Na uku shi ne girgizar harbi. Bindiga mai tsawon mita ɗari ko fiye idan ta tashi gaba ɗaya, matsin ruwan cikin rijiya na hawa da sauka cikin ƙiftawar ido. A Tekun Mekziko an sha ganin wannan girgiza ta lanƙwasa bututu ko ta tsinke bindiga ta faɗa ƙasa, ko ta kwance abin da ya toshe tsakanin bututu biyu. Shi ya sa yanzu ake lissafa girgizar a kwamfuta kafin a sauke bindiga.

Na huɗu, kuma mafi girma, shi ne cewa daga daƙiƙar da aka harba, rijiya ta tashi daga rufaffiyar kwalba ta zama buɗaɗɗiyar ƙofa zuwa dutsen mai. Abin da ke tsare mutane a lokacin shi ne nauyin ruwan da ke cikin rijiyar da kuma na'urar toshe baki da ke ƙasan teku, mai nauyin tan ɗaruruwa, wadda ke da muƙamuƙan ƙarfe masu iya yanke bututu su rufe ramin. Idan ruwan dannewa ya zurare cikin sabbin ramukan ba a lura ba, nauyinsa ya ragu, gas ya samu hanya. Gas kuwa yana kumbura yayin da yake hawa, wanda ya shigo kamar cikin bokiti a ƙasa yana iya isa sama girmansa ya ninka ninkin-ba-ninkin.

A bayan dukkan waɗannan akwai kuɗi. Hayar jirgin haƙa na ruwa mai zurfi ta kai dala dubu 400 zuwa dubu 500 a rana a shekarun 2023 da 2024, ban da kuɗin sauran ma'aikata da jiragen kawo kaya. Duk ɗan kasuwar da kwantenarsa ta taɓa kwana a tasha kuɗin ajiya na hawa a kansa ya san irin zugar da wannan ke yi wa mutum ya tsallake wani mataki.

Darasin Macondo da na Funiwa

Ranar 20 ga Afrilu 2010 jirgin haƙa mai suna Deepwater Horizon ya kama da wuta a kan rijiyar Macondo ta kamfanin BP a Tekun Mekziko, a ruwa mai zurfin kimanin mita 1,500. Mutum 11 suka mutu. Rijiyar ta yi kwana 87 tana aman mai, gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9. Ba wajen huda rijiya abin ya faru ba, ba a ma kai ga wannan mataki ba. Amma abubuwan da suka gaza a ranar su ne dai abubuwan da aikin huda ke dogaro da su: simintin ƙasan rijiya bai toshe gas ba, an yi gwajin matsi aka yi masa gurguwar fassara, na'urar toshe baki kuma ta kasa rufewa.

Kwamitin da shugaban Amurka ya kafa ya nuna a rahotonsa na Janairun 2011 cewa aikin ya makara da kusan mako shida, kuɗinsa ya haura kasafi da sama da dala miliyan 58, kuma da safiyar ranar aka sallami ma'aikatan da aka kawo don auna ingancin simintin ba tare da sun auna ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan awon siminti shi ne ake so a yi kafin a huda kowace rijiya, domin idan akwai kafa a bayan bututu, gas ko ruwan gishiri zai bi ta nan ya tafi inda ba a aike shi ba.

Kusa da gida kuma, ranar 16 ga Janairu 2012, gas ya ƙwace a na'urar haƙa ta KS Endeavor da ke yi wa Chevron aiki a filin Funiwa, kimanin kilomita 10 daga gaɓar jihar Bayelsa. Ma'aikata biyu suka rasu, wuta ta yi kwana 46 tana ci a kan ruwa. Wurin ba shi da zurfi, kamar dai Seme. Wannan ya nuna cewa ƙarancin zurfi ba ya hana rijiya ƙwacewa, sauƙin da yake bayarwa shi ne na isa wurin idan za a yi gyara.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Mai karatu zai iya cewa wannan magana ta injiniyoyi ce, shi atamfa yake saye ko shinkafa ko tsofaffin motoci a Sekandji. To jarin ɗan Zongo, ko na ɗan Malanville da Gaya da Maraɗi da Jibiya da ke jiran kaya, ta teku yake shigowa. Mafi yawan cinikin Benin da ƙetare ta tashar Kwatano yake bi, kuma mashigar jiragen ba ta da nisa da Seme. Mun ga abin da rufe hanya ke yi lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake gani da aka rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023. Waɗancan rufewar siyasa ce, shugabanni na iya zama su sasanta. Idan mai ne ya malale a mashigar tasha, sai an kwashe shi.

Bugu da ƙari, gaɓar Seme ta zama matattarar mai tun da aka kammala bututun da ya taso daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda aka tsara zai ɗauki ganga dubu 90 a rana, aka kuma yi lodin jirgin farko a watan Mayun 2024. Rijiyoyi, tsofaffin dandamali, tankunan ajiya da jiragen dakon mai duk sun taru a ɗan yanki guda, tare da kwale-kwalen masunta.

Teku kuwa bai san shingen kwastan ba. A Janairun 1998 bututun Mobil ya fashe a Idoho da ke gaɓar Akwa Ibom, kimanin ganga dubu 40 suka zube, man ya yi tafiya har gaɓar Legas. Igiyar ruwan bakin gaɓarmu kuma galibi gabas take nufa, don haka abin da ya zube a Seme, Badagry ce za ta fara karɓarsa. A lokacin Macondo an hana kamun kifi a sama da kashi ɗaya cikin uku na ruwan gwamnatin tarayyar Amurka a tekun, masu sayar da kifi da masu gidajen abinci da otal duk suka tafka asara. Dattijon da ya yi mini tambaya, idan masunta suka daina fita, bandarsa ce za ta fara yankewa.

Akwai kuma darasin diyya. A Amurka an tilasta wa BP biyan dala biliyan 20.8 ga gwamnatin tarayya da jihohi a sasantawar da kotu ta amince da ita a 2016, ban da abin da aka biya 'yan kasuwa, kuma wanda ke da takardun ciniki shi ya fi samun sauƙin karɓa. A Najeriya kuwa, bayan malalar Bonga ta 20 ga Disamba 2011, inda kimanin ganga dubu 40 suka zube yayin lodin jirgi, mutanen gaɓa sun kai ƙara Ingila, amma a watan Mayun 2023 Kotun Ƙoli ta can ta yanke cewa sun makara, wa'adin shekara shida ya wuce. Mafi yawanmu a Zongo da baki da amana muke ciniki. Ranar da za a nemi shaidar asara, rasit da littafin shago ne za su yi magana.

Tambayoyin da suka kamata

Babu ɗan kasuwar da zai hau dandamali ya duba makunnin nakiya, kuma ba a nemi haka daga gare shi ba. Amma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na masu kifi suna da bakin da hukuma ke saurare, kuma Benin da Najeriya duk suna cikin Yarjejeniyar Abidjan ta 1981 kan kare teku da gaɓar yammacin Afirka, wadda ta ɗora wa ƙasashe nauyin yin shirin ko-ta-kwana da sanar da maƙwabta idan mai ya malale. A Najeriya hukumar NOSDRA, da aka kafa a 2006, ita ke da alhakin bin sawun malalar mai.

Ga abin da shugabanninmu za su iya tambaya a duk taron da aka gayyace su kan aikin mai. Shin wane jami'in gwamnati ne ke ganin sakamakon awon siminti da gwajin na'urar toshe baki kafin a ba da izinin buɗe rijiya? Idan rijiya ta ƙwace, ina kayan tare mai suke ajiye, kuma kwana nawa za su yi kafin su iso? Wane inshora kamfani ya ajiye, kuma ya haɗa da asarar masunta da 'yan kasuwa? Tsofaffin rijiyoyin da aka bari tun 1998, wa ke duba su, wa kuma zai biya kuɗin toshe su? Sannan da wane harshe za a sanar da jama'a, tun da da yawa daga masu kwale-kwale da masu dako ba sa karanta Faransanci?

Ga masu harka da masunta kuma, a tuna musu cewa dokar teku ta duniya ta ba ƙasa ikon shata mita 500 kewaye da kowane dandamalin mai inda ba a shiga. Kifi na son taruwa a gindin ƙarfe, don haka kwaɗayin matsawa yana da yawa, amma mai kwale-kwale ba shi da hanyar sanin ko a wannan sa'ar ana haɗa nakiya ne a sama. Idan jirgin tsaro ya kore shi, ya yi haƙuri ya ja baya.

Na koma wurin dattijon nan da amsarsa bayan mako biyu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ashe su ma masu mai sun san ba a fafe gora ranar tafiya. Ya nemi in maimaita bayanin a rediyo da Hausa saboda abokan cinikinsa na Paraku da Malanville, kuma na yi masa alkawari. Allah Ya tsare masu aiki a teku, Ya kiyaye mana gaɓarmu da hanyoyin abincinmu, amin.